Farar giyar bakin teku da kifi: me ya haɗa su, kuma me zai maye gurbinta a tukunya?

Tambaya: Ina aikin kai abinci a wani otal a Abuja. Ni ba na sha, amma baƙi kan tambaye ni wace farar giyar inabi ce ta dace da kifi. Muna da Albariño da Muscadet. Me zan ce musu?

Amsa: Malam, abin da za ka riƙe shi ne tsami. Inabin da ya nuna a ƙasa mai zafi yakan tara zaƙi ya zubar da tsaminsa. Wanda ya nuna a bakin teku mai sanyi kuwa a hankali yake nuna, tsamin na nan a jikinsa har a tsinke shi. Kwalaben nan biyu duk daga gaɓar Tekun Atlantika suke. Albariño daga Rías Baixas take, a yankin Galisiya na arewa maso yammacin Sifen, inda ruwan sama ya yi yawa har manoma ke ɗaga kurangar inabi a kan rumfa mai ginshiƙan dutse don iska ta ratsa, kada 'ya'yan su ruɓe. Muscadet kuma daga kewayen birnin Nant na Faransa, inda kogin Luwar ke dab da shiga teku.

Aikin da tsamin nan yake yi wa kifi shi ne aikin lemon tsami: yana yanke maiƙo, yana kwantar da ƙarni. Muscadet ba ta da nauyi, ƙamshinta kaɗan ne, saboda haka ka ba da ita ga mai cin jatan lande, kaguwa ko kifin da aka turara ba miya. Albariño ta fi ta jiki da ƙamshin 'ya'yan itace, za ta iya da gasasshiyar karfasa ko soyayyen giwan ruwa.

Inda ake yin kuskure shi ne farfesun tarwaɗa mai attarugu. Barasa tana ƙara wa yaji zafi a harshe, yajin kuma ya danne ɗanɗanon giyar, baƙo ya biya kuɗi bai ji komai ba. Gara ka gaya masa gaskiya tun kafin a buɗe kwalba. Sanyin giyar ya zama digiri 8 zuwa 10 a ma'aunin Celsius. Idan ta yi ƙanƙara ƙamshin ya ɓace, idan ta huce ta yi lami, don haka a zaficin Abuja kwalba ta zauna a bokitin ƙanƙara da ruwa, a riƙa zuba kaɗan-kaɗan. Ka duba shekarar da ke jikin kwalbar ma: yawancinsu an yi su ne don a sha cikin shekara biyu zuwa uku.

Tambaya: Girkin kifi da na samu ya ce a zuba kofi ɗaya na farar giya. Ba na amfani da barasa. An ce tana ƙonewa a wuta, gaskiya ne?

Amsa: 'Yar'uwa, ba ta ƙonewa duka. Alƙaluman ma'aikatar noma ta Amurka sun nuna bayan minti 15 ana tafasa, kusan kashi 40 cikin ɗari na barasar na nan. Kada ki zuba ta kawai, tsami ake nema kuma kina da shi a kicin.

A madadin kofi ɗaya, ki zuba romon kan kifi ko ruwa kofi ɗaya saura kaɗan, da cokali biyu na ruwan lemon tsami. Lemon ɗin ya shigo ana dab da saukewa, don dogon tafasa yana kashe ƙamshinsa. Idan kina son ɗan ɗanɗanon inabi, ki haɗa rabin kofin ruwan farin inabi da rabin kofin ruwa da cokali ɗaya na ruwan khal. Kada ki zuba ruwan inabin zalla. Sukarinsa ya yi yawa ƙwarai, da ruwan ya tsotse miyar za ta yi zaƙi ta kama gindin tukunya. In akwai madara a girkin, ki sauke tukunya kafin ki matsa lemon, in ba haka ba ta tsinke.

Kwalaben da ake sayarwa da sunan marasa barasa kuma, ki juya bayansu ki karanta. Dokar Tarayyar Turai ta yarda a kira giya wadda aka cire wa barasa ko da saura kashi 0.5 cikin ɗari a cikinta. Ki nemi wadda aka rubuta 0.0, ko ruwan inabin da ba a taɓa tsima shi ba.