Shirun laftof a Linux: amsar maigida ga yaron shago

Ƙanena, jawo benci ka zauna. Ka ce ka ɗora wa laftof ɗin malamin Islamiyyar nan Linux Mint, tunda Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, injin kuma ba zai ɗauki 11 ba. Komai ya tashi lafiya, sai sauti ya yi tsit, ka ƙarar da datarka kana neman direban Realtek, wato manhajar da ke sarrafa ƙwayar sautin kamfanin Realtek. Yanzu kana tambayata a wane shafi ake sauke shi.

Ba a sauke shi. Windows ce ta sabar maka da farautar direba. A Linux, direban sauti a cikin zuciyar tsarin yake zuwa, a sashen da ake kira ALSA, wanda Jaroslav Kysela ya fara a 1998. Yawancin tsofaffin HP da Dell da Lenovo da ake saro mana daga Beirut Road a Kano direba ɗaya ke tuƙa su, snd_hda_intel, ko da ƙwayar sautin da ke kan fanel, wato babban allon cikin injin, ta Realtek ce. Injin na tashi shi ma yake tashi.

Kai ɗan Kura ne, ka yi ban ruwan shinkafa. In ruwa bai iso gonarku ba, ka taɓa jin babanka ya ce Tiga ta ƙafe? Kanal yake bi da ƙafa, ya duba ƙofar da aka rufe, ko inda ciyawa ta toshe, ko maƙwabci ya karkatar da ruwan. Sauti ma hanya gare shi. Manhaja ce ke sako shi, ya bi ta hannun mai rabo, wato PipeWire a Mint 22, PulseAudio a waɗanda suka gabace shi, ya faɗa ALSA, ya shiga ƙwayar sauti, sannan lasifika. Aikinka gano inda ya tsaya.

Buɗe taminal, tagar da ake rubuta wa injin umarni, ka rubuta aplay -l. In ya jero maka kati, ka ga sunan irin su ALC269, to direba na nan daram, ka cire shi daga zargi. Sai ka shiga alsamixer, ka danna F6 ka zaɓi katin. A nan nake so ka nutsu, don a nan na fi kama ɓarawon. Dubi ƙasan kowane ginshiƙi, Master da Speaker da Headphone. Wanda ka ga MM a ƙasansa an ɗaure masa baki ne. Danna M ya koma 00, ka ɗaga shi da kibiyar sama. Kada ka tsaya a iya abin da allo ya nuna, ka yi ta matsawa dama, akwai ginshiƙan da suka ɓuya. Cikinsu akwai Auto-Mute Mode, mai kashe lasifika in an soka iyafis. Wani lokaci yakan ɗauka an soka alhali ramin fanko ne. Mayar da shi Disabled, ka gwada da speaker-test -c 2 -t wav. In ka ji murya daga hagu sannan daga dama, ka tsayar da gwajin ta danna Ctrl da C, ka rubuta sudo alsactl store don kada gyaran ya gudu in an kashe injin.

Wannan ramin iyafis ɗin, ka riƙa tuna ƙurar hunturu. In sauti na fita a iyafis amma lasifika shiru, sau da yawa ƙura ce ta danne ɗan ƙarfen da ke ciki. Kashe injin, ka hura masa iska, ka goge a hankali. Wannan ba umarnin da zai warkar da shi.

Sai maƙwabci mai karkatar da ruwa, HDMI. Laftof ɗin da ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo yana jone da talabijin yakan ci gaba da tura sauti can. Saka pavucontrol, manhajar saitin sauti, ka shiga Configuration ka zaɓi Analog Stereo Duplex. Minti biyu ne.

Inda aiki ke yin nauyi shi ne in aplay -l bai ga kati ba, saitin sauti kuma ya rubuta Dummy Output. Nan ka rubuta lspci | grep -i audio. In babu komai, leƙa BIOS, saitin da ake shiga tun injin na tashi, ana iya kashe sauti daga can. In akwai, ka tambayi injin da kansa: sudo dmesg | grep -i -e snd -e sof. Sababbin laftof masu Intel suna bin wata hanya mai suna SOF, kuma tana buƙatar ɗan fayil ɗin da ake loda wa ƙwayar. In ka ga yana kukan bai samu fayil ba, sudo apt install firmware-sof-signed, ka kashe ka kunna. Za ka ga ana ba da shawarar a rubuta options snd-intel-dspcfg dsp_driver=1 a wani fayil cikin /etc/modprobe.d. Yana aiki, lasifika takan dawo, amma a injina da yawa makirfon na ciki ne ke biyan kuɗin, ya mutu. Ni ba na yi sai na gaya wa mai kaya.

Abin da na hana ka shi ne kwaso umarni daga intanet ka zuba goma a jere. Ni na taɓa yi ina sabon shiga. Na bi wata shawara na tuge kayan sautin duka don in sake sakawa, ban karanta jerin abin da zai tafi tare da su ba, suka ja rabin fuskar kwamfutar. Kwana na yi a shago ina ɗinki, ga janareta na shan mai, kuma har yau ina jin nauyin mai injin. Canji ɗaya, gwaji ɗaya, ka rubuta a littafi abin da ka taɓa.

In duk ka bi ba labari, tayar da injin daga filashin da ka yi ɗorin da shi, ba tare da ka sake ɗorawa ba. Sauti ya fito a can, to saitinka ne ya karkace. Bai fito ba, iyafis ma shiru, sai mu fara zargin fanel, kuma kafin a kai ga sa wa ƙwayar sauti wuta don gyara gara ɗan katin sauti na USB, wanda Linux ke ganewa ana sokawa.

Malam karatun Alƙur'ani yake kunna wa ɗalibai, yana kuma naɗar haddarsu, saboda haka kada ka ce ka gama sai ka gwada makirfon: arecord -d 5 gwaji.wav, ka yi magana, sannan aplay gwaji.wav. Ya ce bayan la'asar zai aiko a karɓa. Tashi ka fara da aplay -l, ka kira ni in ga abin da ya rubuto.