Ƙanena, kafin ka sako motar nan a kwantena

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga saƙonka, ka ce kai da abokanka kun haɗa motar tsere a Panteka ta Kaduna da injin Golf, ga shi ka samu gurbin mastas kan injiniyancin motoci a Coventry, kana tambayar wane filin tsere ne mai arha a nan Ingila da za ka kawo ta ka gwada, har ka ambaci Silverstone. Masha Allah da ƙoƙari, na kalli bidiyon, waldan nan ba na wasa ba ne. Amma tunda ka ɗauke ni yaya bari in gaya maka gaskiya, kuɗin shiga filin shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da zai ci aljihunka.

Silverstone dai cire ta a ranka tukuna. Fili ne na Formula 1 tun 1950, zagaye ɗaya kusan kilomita 6 ne kuma duk gudu ne, ita kuwa sabuwar mota ranarta ta farko ba gudu take nema ba. Ranar farko noti zai kwance, lagireto zai tafasa, baƙin mai zai fara ɗiga ta inda ba ka taɓa zato ba, wayar totur ta maƙale, kuma haka yake ga kowa har manyan kamfanoni. In hakan ya same ka a babban fili sai a ɗaga jar tuta a tsayar da kowa saboda kai, a jawo ka da mota gaban jama'a, in ka zubar musu da mai a kan kwalta ma za su iya rubuto maka kuɗin gogewa, kuma kuɗin da ka biya na yini guda ya tafi kenan bayan zagaye biyu, babu mai maido maka ko kwabo. Abin da kake buƙata ɗan gajeren wuri ne da za ka fita minti ɗaya ka dawo, ka ɗauki sifana ka bi noti ɗaya bayan ɗaya, ka taɓa kowace taya ka ji ko birki na kamawa, ka sake fita.

Irin waɗannan wurare suna nan da yawa, don lokacin yaƙin duniya na biyu an cika ƙasar da filayen jiragen soja, da aka gama yaƙi sai masu son mota suka gaje su, ita kanta Silverstone haka ta fara. Ɗaya da ke kusa da kai shi ne Curborough kusa da Lichfield, bai kai awa ɗaya ba daga Coventry a mota. Wani kulob ne mai suna Shenstone and District Car Club ke riƙe da shi, tsawonsa bai kai mil ɗaya ba, ba wani gini na a zo a gani, kuma mota ɗaya ke shiga a lokaci guda, wanda shi ne daidai da mai sabuwar mota don babu wanda zai taho maka ta baya a guje. Yadda ake yi shi ne mutum goma ko sha biyar su kama filin na yini guda su raba kuɗin, sai ka ga rabonka bai taka kara ya karya ba. In motar ta nuna hankali a nan sai ka matsa Blyton Park a Lincolnshire, shi ma tsohon filin jirgi ne, shimfiɗaɗɗe, in ka kuskure kwana yawanci ciyawa za ka shiga ba bango ba, kamfanin ƙera motocin tsere na Ginetta ne ya saye shi a 2017. Akwai Three Sisters a Wigan da Llandow can Wales kusa da Cardiff amma waɗannan man zuwa kawai zai cinye rangwamen. In kuma giya da injin kawai kake so ka ji a miƙe, Santa Pod na da ranakun da kowa ke zuwa da abin da yake da shi ya taka rubu'in mil.

Za ka ga sunan Rockingham a tsofaffin bayanai, kar ka wahalar da kanka, an rufe shi tun ƙarshen 2018. Filin gwajin motoci na MIRA kuma da ke Nuneaton nan bayan gidanku, na kamfanonin ƙera motoci ne, ba wurin ɗalibi ba ne sai dai in makaranta ta kai ku.

To ga inda mutanenmu ke rikicewa, ranakun shiga fili iri biyu ne. Akwai tirak de, wannan kowa da lasisin tuƙi zai iya shiga, kuɗinta daga fam ɗari da ɗoriya zuwa wajen ɗari uku gwargwadon fili da lokaci, mafi arha daga Nuwamba zuwa Fabrairu lokacin da sanyi ke kora mutane gida kuma ƙarfe huɗu duhu ya yi, ko kuma na yamma da ake yi da bazara. Amma a tirak de an hana duba lokaci da agogo, ba a wuce mutum a kwana, kuma da yawa daga masu shiryawa ba sa karɓar mota mai kujera ɗaya da tayoyi a waje irin taku. Ta biyun ita ce tes de, nan ne za ka auna lokacinka yadda kake so amma sai da lasisin tsere na Motorsport UK, hukumar da ke kula da tseren motoci a ƙasar nan, wato sai ka sayi takardunsu ka je ka yi jarrabawar ARDS, rubutu da tuƙi da malami a gefenka, wannan ma wasu ɗaruruwan fam ne. Lasisinka na Najeriya kuwa wata 12 kacal zai yi maka a titi, ba a musanya shi da na nan, sai ka yi jarrabawa daga farko.

Sai maganar ƙara, wallahi wannan ta mayar da mutane gida fiye da lalacewar injin. Filayen nan duk kusa da ƙauyuka suke kuma mutanen ƙauyen nan ba sa wasa da kai ƙara ƙaramar hukuma, don haka da safe kafin ka shiga wani zai zo da na'ura ya tsaya rabin mita daga salansa ya ce ka taka totur har injin ya kai kashi uku cikin huɗu na iyakar juyawarsa. Wurare da yawa desibel 105 ne iyaka, irin su Castle Combe da Bedford Autodrome ma ƙasa da haka, in ka haura ko da kaɗan ne ba shiga ba kuɗi. A bidiyonka na ji kukan motar nan, kuma ban ga salansa ba sam, bututu ne kawai a miƙe.

Kuma ta yaya za ka kai ta filin ma? Motar da ba ta da lamba ba ta hawa titi a nan ko na mita goma, ko ajiye ta a bakin titi laifi ne, in kana son lamba sai ta ci gwajin IVA, wato tantance motar haɗi da hukumar duba motoci ta DVSA ke yi, wanda har kaifin ƙarfen jikinta sai sun auna. Saura ka yi hayar ƙaramar tirela da motar da za ta ja, ga hayar gareji don ɗakin ɗalibai ba wurin ajiye ko taya, ga hular kwano mai hatimi, ga inshorar mota ta yau da kullum ba ruwanta da abin da ya faru a filin tsere. Duk wannan da bizar da ta ba ka awa 20 na aiki a sati lokacin karatu, wanda haya da abinci ma da ƙyar.

Abin da ya fi damuna shi ne kejin da kuka yi wa direba. Dokar Motorsport UK ta ce bututun ƙarfe marar ɗinki ne na musamman mai ƙayyadadden kauri, in da fayif ɗin ruwa ko irin wanda ake ƙofa da shi kuka yi, to duk kyan waldan masu duba mota ba za su bari ta shiga gasa ba, kuma ba don wulaƙanci ba ne, irin wannan fayif ta wajen ɗinkin yake tsagewa in mota ta kife.

Shi ya sa shawarata ka bar motar a Kaduna wajen abokanka, kuɗin kwantena da kwastan ka riƙe abinka. Fili mafi arha a ƙasar nan shi ne wanda makaranta ke biya. Jami'ar Coventry na da ƙungiyar Formula Student, gasar da IMechE, ƙungiyar injiniyoyin kanikanci ta ƙasar nan, ke shiryawa tun 1998, ɗalibai su ƙera mota da hannunsu duk shekara su kai ta gasa da bazara, kuma ka san a ina ake yi, a Silverstone ɗin da kake mafarki. Can za ka ga yadda ake tantance mota da gaske, a karkata ta digiri 60 a ga ko za ta kife, a sa direba ya taka birki sai duk tayoyi huɗu sun kulle, a ba shi daƙiƙa 5 ya fito daga ciki. Yawancin yaran da ke shiga sun iya kwamfuta amma ba su taɓa riƙe abin walda ba, kai da ka fito daga Panteka rububinka za su yi. In kuma ka gama ka samu aiki kana son taka ta kanka, ka nemi 750 Motor Club, kulob ne da aka kafa a 1939, suna tsere da motocin haɗin gida, Colin Chapman da ya kafa kamfanin motoci na Lotus ma a wajensu ya fara.

Ƙungiyar Formula Student ɗin tana ɗaukar sababbin mutane ne da an buɗe makaranta wajen ƙarshen Satumba, guraben shasi, wato masu haɗa ƙarfen jikin mota, kuma da wuri suke cika, don haka ka tura musu imel tun yanzu da hotunan aikinku da zanen in akwai. Ni kuma ka auno min faɗi da kaurin bututun kejin nan ka turo, ka ce wa abokanka kar kowa ya taka ta da ƙarfi sai mun yi magana. A gaida su Baba.