Inshorar ɗana ta fi motarsa tsada: ko baƙin akwati zai sauƙaƙa mana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune da iyalina a birnin Manchester na Ingila. Ɗana mai shekara 18 ya ci jarrabawar tuƙi, muka saya masa tsohuwar mota kan fam 2,500, amma mafi arahar inshorar da aka yanka mana ta haura fam 3,000 a shekara, alhali a Najeriya naira 15,000 ake biya. Wani kamfani ya ce zai yi mana ragi mai tsoka idan muka yarda a sa wa motar na'urar lura da tuƙi, wadda ake kira baƙin akwati. Wani ɗan'uwanmu kuma ya ce a yi inshorar da sunan mahaifinsa, a rubuta yaron a matsayin direba na biyu. Wanne ya fi? Daga wata uwa a Manchester.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya. Abin da ya ɗaure miki kai yana da dalili, domin kamfanin ba darajar motar yake aunawa ba, ɓarnar da mai tuƙa ta zai iya yi wa wasu ita ce a gabansa. Naira 15,000 da kika ambata farashin inshorar da ke biyan wanda aka buge kawai ne, wanda hukumar inshora ta Najeriya ta tsayar wa motocin gida tun daga watan Janairun 2023, kuma dattijo da saurayi duk shi suke biya. A Birtaniya kuwa kowane direba da nasa farashin, sannan doka ba ta sa iyaka ga diyyar wanda aka ji wa rauni ko aka kashe ba, saboda haka motar fam 2,500 tana iya jawo wa kamfani biyan miliyoyi idan ta nakasa mutum har ƙarshen rayuwarsa. Alƙaluman ma'aikatar sufurin ƙasar sun nuna cewa samari maza 'yan shekara 17 zuwa 24 sun fi direbobin da suka kai 25 yiwuwar mutuwa ko mummunan rauni a kan hanya da kusan ninki huɗu. Ƙari a kan haka, gwamnati tana karɓar harajin kashi 12 cikin ɗari a kan kuɗin inshorar.

Shawarar ɗan'uwanku ku bar ta a inda kuka ji ta. Idan yaron ne zai riƙa hawan motar kullum, aka rubuta mahaifinsa a matsayin babban direba, to zamba ce a idon doka, kuma ranar da aka yi haɗari ake tonawa: kamfani zai tambayi wanda ke zuwa makaranta da motar da inda take kwana, ya soke inshorar, ya ƙi gyara motarku, ya kuma bi ku bashin abin da ya biya wanda aka buge. Akasin haka ne ya halatta, wato yaron ya zama babban direba, a ƙara sunanki ko na mahaifinsa idan kuna tuƙa motar jefi-jefi, kuma wannan yakan rage farashi. Ki kuma sani cewa tuƙi babu inshora yana jawo tarar fam 300 da maki shida na laifin tuƙi a kan lasisi, maki shidan nan kuwa sun isa a ƙwace lasisin wanda bai cika shekara biyu da samunsa ba, ya koma ya sake jarrabawar daga farko.

Shi baƙin akwati, a ganina, ya cancanci ku karɓa, amma bayan kun auna shi da yadda ɗanki yake rayuwa. Na'urar ƙarama ce, ba ta wuce tafin hannu ba. Wata a maƙale ta kusa da batir, wata a manna ta a gilashin gaba ta riƙa magana da manhajar waya. Tana rubuta gudun mota ta kwatanta shi da iyakar gudun titin, tana lura da yadda ake taka totur da birki, da yadda ake shan kwana, da lokacin fita, da yawan mil. Daga nan kamfani yake ba direba maki, wanda ya yi kyau ya samu ragi a lokacin sabuntawa, wanda ya yi ganganci a aiko masa da gargaɗi.

Lokacin fita shi ne abin da iyaye suka fi mantawa da shi. Wasu kamfanoni suna hana tuƙin tsakar dare ɗungurungum, da yawa kuma ba su hana ba amma suna rage maki a kansa. Yaron da ke aikin dare, ko wanda zai riƙa kai ku masallaci sallar isha'i a tsakiyar bazarar Ingila, lokacin da ake yin ta wajen sha ɗayan dare, ko tahajjud a goman ƙarshe na azumi, zai ga makinsa yana zubewa ba tare da ya yi gudu ba. Ku tambayi wannan tun kafin ku sa hannu. Haka nan akwatin bai san fuskar kowa ba: idan yayansa ya ari motar ya yi gudun wuce sa'a, a kan ɗanki za a rubuta. Adadin mil ɗin da kuka faɗa wa kamfani cewa motar za ta yi a shekara ma ana ƙirga shi, in ya ƙare sai an sayi ƙari, don haka kada ku rage shi domin neman araha.

Babban haɗarin tsarin shi ne sokewa. Idan gargaɗi ya taru har kamfani ya soke inshorar da kansa, duk kamfanin da yaron ya nufa daga baya zai tambaye shi ko an taɓa soke masa inshora, kuma amsar "eh" tana tsawwala farashi, wasu ma su rufe masa ƙofa. Saboda haka saƙonnin manhajar ba abin sharewa ba ne, kuma idan na'urar ta yi kuskure, misali ta ɗauka yana kan ƙaramin titin da ke gefen babbar hanya, ya rubuta ƙorafi nan take. Idan mako takwas suka wuce ba a warware ba, yana da damar kai ƙara ofishin sasanta rikicin harkokin kuɗi na ƙasar, kyauta.

Sauran dabarun ba su da yawa. Motoci suna da rukunin inshora daga 1 zuwa 50, ƙaramin rukuni yakan fi araha, kuma ya kyautu a duba rukunin kafin saye. Ku nemi farashin cikakkiyar inshora, domin sau da yawa ta fi wadda ke biyan wanda aka buge kawai araha. Biyan wata-wata bashi ne da ake ɗora wa kuɗin ruwa, wanda ke gudun riba sai ya biya na shekara gaba ɗaya. Idan yaron yana tunanin yin aikin kai wa mutane abinci da motar, inshorar mota ta yau da kullum ba ta ɗauke wannan ba, akwai tata daban. Ku kuma yi hattara da dillalan bogi da ke tallar inshorar rabin farashi a WhatsApp da Instagram, ku duba sunan kowane dillali a rajistar FCA, hukumar da ke sa ido kan harkokin kuɗi a Birtaniya, kafin ku tura ko fam ɗaya. Idan ya cika shekara bai nemi diyya ba, zai fara tara rangwame da sunansa, kuma a lokacin ne ya kamata ku sake zagaya kamfanoni maimakon ku bar wannan ta sabunta kanta.