Katangar da ke ƙirga damuna

Amaryata, saƙonki ya iso. Kin ce malaminku na zane ya sa ku ƙera abin da zai nuna tafiyar lokaci, kowa ya ruga wajen agogo, ke kuma kina tambaya ko yaɓen da muke yi wa gidan ƙasa duk shekara al'ada ce, ko dai rashin kuɗin siminti ne. To, ki daina raina mijinki tsoho.

Magini tun yana jera tubali ya san damuna za ta ci rabonta. Shi ya sa yake miƙar da indararo nesa da bango, ya shafe waje da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Amma makuba ma tana da iyakarta. In an kai amfanin gona gida, rani ya kama, sai a kwaɓa ƙasa a sake yaɓe kafin ruwa ya dawo. Ki samu tsohuwar katangar da ta tsage, ki leƙa bakin tsagar. Yaɓe ne kan yaɓe, wani ja, wani ya yi duhu, wani an cika masa ciyawa. Maigida zai iya nuna miki na shekarar aurensa. Gidan da aka yi damuna uku ba a taɓa shi ba kuwa, ko mai wucewa ya san ɗayan biyu ne: maigidan ya rasu, ko babu ta shigo.

Ki nemi hoton hasumiyar masallacin Agadas, wadda aka gina a 1515, aka sake ta a 1844, tsawonta kusan mita 27. Itatuwan nan da suka fiffito a jikinta suna riƙe ginin, kuma su masu gyara ke takawa. Maginin ya bar wa jikokinsa tsani a jikin bango, don ya san dole su hau.

Zanen fuskar gida ma yana faɗin zamaninsa. Dagi da takobi tsofaffin zane ne. Amma a Zariya, wajen shekarun 1950 da 1960, masu hali suka riƙa sa a zana musu keke da mota da jirgin sama, wani har da agogo a saman ƙofar zaure. Wasu dattawa sun kira shi fankama. Ni dai yana burge ni, don kina ganin keke a bango kin san lokacin da mai gidan ya samu, tun keke yana abin da ake fitowa kallo.