Kar ka ba da bos ɗinka da fatar baki

Wa alaikumus salam ƙanina. Tun bayan la'asar na ga tambayarka, na fara rubutu na goge har sau biyu, don ka fama min wani tsohon miki. Ka ce shekara biyu kana zana wani bos a labarinka, yanzu wani furodusa ya gani yana so ya sa shi a fim mai dogon zango, babu maganar kuɗi tukuna, amma "za a sa sunanka, kuma ai talla ce gare ka". Kana tsoron in ka ƙi ka kori arzikinka da kanka. Wallahi kamar bakinsu ɗaya da wanda ya yi min. Har "ai talla ce" ɗin nan, haka ya faɗa.

Tsofaffin 'yan zauren nan sun san Ƙishirwa, bos ɗin da na zana, tunda nan na fara sa shi. Mai ga-ruwa ne, 'yarsa ta rasu da amai da gudawa a shekarar da famfon unguwarsu ya ƙafe, alhali a bayan katangar wani attajiri ana ban-ruwan fulawa safe da yamma. Shi ya sa ya kama rijiyoyi da burtsatsen garin gaba ɗaya, kowa ya ɗanɗana. Fuskarsa kuwa, ƙwarya na saya na fasa da hannuna, na kai wa wata tsohuwa a layinmu ta ɗinke tsagin, na huda ido biyu, na jingina ta a kan teburi ina kallo ina zanawa. Ɗinkin ya taso daga goshi ya karkace ya sauka gefen baki. A shafi arba'in da bakwai da na zana, mutumin nan bai yi dariya ko sau ɗaya ba. Da gangan na yi haka.

Sai ga Yallaɓai, wani furodusa. Ya kira ni, ya saya min tsire, ya yi ta juya shafukan yana cewa irina ake nema a masana'antar. Da na ɗan ambaci takarda sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Haba ɗan'uwa, tsakaninmu har sai an kawo takarda?" Kunya ta kama ni, kamar ni ne na yi rashin ɗa'a. A daren na tura masa hotunan zanen duka ta WhatsApp, ya turo min dubu goma sha biyar ya ce kuɗin mota. Har godiya na yi masa ta saƙon murya, na ce ba komai Yallaɓai, a yi amfani da shi. Ka riƙe wannan saƙon muryar a ranka, zan dawo kansa.

Wata takwas shiru. Rannan ina shagon mai cajin waya, wani yaro ya miƙo min tasa ya ce, "Yaya, wannan ba ƙwaryarka ba ce?" Ita ce. Ɗinkin nan daga goshi zuwa gefen baki, ko karkacewar ba su canza ba. Amma wanda ke cikinta boka ne, da jan ƙyalle da layu da ƙaho, ga tukunya tana hayaƙi, ya ɗaga hannu sama yana ɓaɓɓaka dariya. Babu 'yar da ta mutu, babu famfo, babu ruwa kwata-kwata. Budurwar akta yake so, shi ke nan muguntarsa. Na koma gida na sayi data na kalli kashi na farko har ƙarshe, na tsayar da shi a wajen jerin sunaye ina bi ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Direba yana ciki. Mai abinci tana ciki. Wanda ya ba da aron janareta an yi masa godiya ta musamman. Na mayar baya na sake bi, wai ko idona ne. Sau huɗu na yi haka. A wajen ƙirƙira da tsarawa sunan Yallaɓai ne shi kaɗai, da manyan baƙaƙe. Matata ta shigo da abinci ta same ni zaune a ƙasa, ƙwaryar tana kan cinyata, ban san ma lokacin da na ɗauko ta ba. Abin da ya fi ci min rai har yau, na riga na gaya wa mahaifiyata sunana zai fito a fim, ita kuma ta gaya wa maƙwabta.

Da na same shi a waya bayan kira ya fi ashirin, ka san me ya ce? "Malam, ƙwarya ai ba kai ka ƙirƙiro ta ba." Ya kashe. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba, kar ma wani ya zo min da wa'azi a ƙasan nan.

Na je wajen wani lauya abokin yayana. Ya ce a dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, sayar da haƙƙi ko ba wa mutum ɗaya izini shi kaɗai ba ya tabbata sai a rubuce, don haka Ƙishirwa nawa ne har gobe. Amma izini na gama-gari ana iya bayar da shi da baki, ko a fahimce shi daga yadda ka yi. Ga saƙon muryata, ga alat na dubu goma sha biyar. Ya ce akwai abin da za a iya nema a kan rashin sa suna, sai dai da ya lissafa min kuɗi da zaryar kotu, na ɗauki hulata.

Kuma kar ka ɗauka ƙauyancinmu ne ya jawo. A Amurka ma an ci irin wannan amanar. Bill Finger shi ya rubuta labarin Batman na farko a 1939, shi ya ba da shawarar baƙar shigar nan, shi ya raɗa sunan Bruce Wayne da birnin Gotham, da hannunsa a Joker da Catwoman da Penguin da Riddler. Amma mai zane Bob Kane ne ya je ya yi yarjejeniya da kamfani, sunansa kaɗai ake bugawa. Finger ya mutu a 1974 cikin talauci. Sai 2015, shekara 41 bayan mutuwarsa, DC, kamfanin da ke buga Batman, ta yarda ta riƙa sa sunansa, shi ma sai da jikarsa ta tashi tsaye. Shi kansa Joker ɗin, da ya fito a 1940, har suka bar duniya Kane da mai zane Jerry Robinson ba su daidaita a kan waye ya fara kawo shi ba. Robinson ya ce shi ya zana katin karta mai fuskar, Kane ya ce a'a, shi da Finger ne, daga hoton ɗan wasa Conrad Veidt a wani fim na 1928. Kuma ka san a fitowar farkon nan an so kashe shi ne? Edita ne ya hana. Bos ɗin da aka kusa yarwa, fim ɗinsa na 2019 ya haura dala biliyan ɗaya. To kai me ya sa kake ganin naka bai kai a yi masa takarda ba?

Ko waɗanda aka sa sunansu ma ba su tsira ba. Jim Starlin, wanda ya ƙirƙiro Thanos a 1973, ya rubuta a Facebook a 2017 cewa abin da DC ta biya shi kan wani ɗan ƙaramin mugu da ya leƙo a Batman v Superman ya fi abin da ya samu kan Thanos da Gamora da Drax a haɗe a finafinan kamfanin Marvel. Daga baya dai an gyara masa, har aka sa shi ya fito a fim ɗin Endgame yana zaune cikin masu jimami. Iyalan Jack Kirby, mutumin da ya zana Doctor Doom da Magneto da Galactus, sai 2014 suka sasanta da Marvel, shekara 20 bayan rasuwarsa, ana dab da shiga kotun ƙoli. Baƙar rigar Spider-Man da ta zama tushen Venom kuwa, dala 220 Marvel ta sayi dabarar a hannun wani mai karatu a 1982. Shi dai ko ba komai an rubuto masa wasiƙa. Ni kuɗin mota na samu.

Don haka ka ce a rubuta. Ko a fallen takarda ɗaya ne, da shaidu biyu, ɗaya naka. A rubuta yadda sunanka zai fito da inda zai fito, a fim da fosta da tirela. A rubuta aro ka bayar ba sayarwa ba, na zango ɗaya, in za a ci gaba a dawo a zauna. In ya ce ba kuɗi yanzu, to a rubuta kaso nawa in an samu. Kar ka tura asalin zanenka duka, ka tura kaɗan. Ka ajiye tsofaffin littattafan gwajinka masu kwanan wata, ka je ka yi rajistar aikin a Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka, shaida ce a hannunka. Kuma don girman Allah kar ka yi saƙon murya kana cikin murna.

Amma ni abin da ya fi ƙona ni ba kuɗin ba ne, ba ma sunan ba, dariyar nan ce. Bos dalilinsa shi ne ransa. Masu fim suna canza dalili, ba na musu, wani lokaci ma ya yi kyau. Thanos na littafin 1991 don ya burge Mutuwa, wadda yake so kamar mace, ya shafe rabin halitta. A fim ɗin 2018 suka mayar da shi mai lissafin abinci da yawan jama'a. Ni har yau na littafin na fi so, na fim ɗin in ka zauna ka yi tunani lissafinsa ba ya fita, mai ikon rage mutane ai yana da ikon ninka hatsi, mun sha wannan musun a nan ba sai na tayar ba. Amma dai sun cire dalili sun sa wani dalilin. Magneto da farko mugu ne kawai mai son mulki, sai da marubuci Chris Claremont ya mayar da shi wanda ya tsira daga sansanin 'yan Nazi, fim ɗin X-Men na 2000 kuma da wannan ya buɗe, yaro ana raba shi da iyayensa ƙofar ƙarfe tana lanƙwashewa. Killmonger na Don McGregor da Rich Buckler tun 1973 yake, amma da darakta Ryan Coogler ya kawo shi a fim ɗin Black Panther a 2018 mutane sun fito suna cewa anya ba shi ne da gaskiya ba? Wannan shi ne riƙon amana. Cin amana kuma shi ne abin da aka yi wa Galactus a 2007, aka ɗauki ƙaton da Kirby ya zana da hularsa mai ƙahoni aka mayar da shi gajimare. Gajimare fa! Sai 2025 aka ba shi jikinsa. Da na ga boka cikin ƙwaryata, gajimaren nan na tuna.

Saboda haka ka ƙara layi ɗaya: ba za a taɓa asalinsa da dalilinsa ba sai an nuna maka rubutun ka yarda. Wataƙila ya ƙi. Kafin ma a kai nan, ka gwada shi da tambaya ɗaya, ka ce, "Yallaɓai, me ya sa bos ɗin nan yake abin da yake yi?" In ya fara yaba maka rigar da takobin, to kayan yake so. Ni da na yi wannan tambayar a wajen tsiren nan da na gane, don ko sunan yarinyar da ta mutu bai tambaye ni ba.

Shekara guda na yi ban riƙe fensir ba bayan abin nan. Yanzu na dawo, amma Ƙishirwa ban iya komawa kansa ba, duk sanda na zana ɗinkin sai in ji dariyar. Ƙwaryar tana saman sif, yara sun fasa gefe ɗaya. In ka samu takardar ka turo min ta akwati kafin ka sa hannu, zan kai wa lauyan nan ya duba, ba zai karɓi komai ba. Kuma shafin da ka sa makon jiya, hannun hagun bos ɗin ya fi na dama tsawo, ka gyara kafin furodusan ya gani.