Tambaya da Amsa: Land Cruiser ta ƙi tashi bayan canjin filta

Tambaya: Malam, ina da tsohuwar Toyota Land Cruiser mai injin 1HZ da nake shiga daji da ita. Na canza filtar gas, wato man dizal, da kaina a gida, amma tun daga lokacin injin ya ƙi tashi. Mene ne abin yi? Daga wani mai karatu a Agadas.

Amsa: Malam, ka kwantar da hankalinka, domin alamu sun nuna iska ce ta shiga hanyar mai. Wannan inji mai silinda 6 da lita 4.2, wanda Toyota ta fara ƙerawa a 1990, yana da juriya ƙwarai, sai dai famfon injekta ba ya iya tura mai matuƙar akwai iska a cikinsa.

A saman mazaunin filtar akwai ɗan famfon hannu. Ka riƙa danna shi har ka ji ya yi tauri a tafin hannunka, sannan ka gwada tayarwa. Idan ya ƙi, ka ɗan sassauta notin bututun nozul biyu (nozul ne ke fesa mai cikin silinda) da sifana, wani ya murza makulli har gas ya fito ba kumfa, sai ka ɗaure. Kada ka kai yatsa wurin, saboda man yana fita da ƙarfin da zai iya huda fata.

Ina roƙonka kada ka yi ta murza makulli ba hutawa, domin batir zai mutu, sitata kuma ta ƙone. Idan famfon ya ƙi yin tauri, ka duba robar bakin filtar ko tiyon da ya tsage, ta nan iskar take shiga.