Facina na kernel yana isa da baƙaƙen shirme

Tambaya: Salam Malam, dan Allah a taimaka min. Na gyara wani ɗan kuskure a wata direbar kernel, wato zuciyar tsarin Linux, na tura faci (fayil mai ɗauke da gyaran) ta imel, a Vim ɗina, manhajar da nake rubutu da ita, komai tsaf yake, amma mai kula da sashen ya ce facin ya ƙi hawa, wai akwai wani Â a tsakiyar layi, ƙ ɗin sunana ma ya koma Æ™. Sau biyu kenan wlh, kunya ta ishe ni.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, kar ka karaya. Wannan Â ɗin alamar ɓoyayyen sifes ne mai lamba U+00A0, a ido kamar sifes na yau da kullum yake, kuma yana shiga ne idan yatsanka na kan Option a Mac ko AltGr a wasu kibod ka danna sifes. A tsarin adana haruffa (encoding) na UTF-8 bayit biyu ne, C2 da A0, to duk manhajar da ta karanta shi da tsarin Latin-1 ko Windows-1252 sai ta nuna maka Â. Labarin ƙ ɗinka ma kenan, C6 da 99. Ka ɗora cursor a kan wurin ka danna harafin g sannan a (ga), Vim zai faɗa maka ko mene ne.

Sannan ka leƙa vimrc ɗinka, fayil ɗin saitin Vim, in akwai set digraph cire shi, domin da shi in ka rubuta harafin a ka goge ka rubuta e, æ zai saka maka ba ka sani ba, kuma mai saurin taifin ai kullum cikin gogewa yake.

Inda na fi zargi dai wajen turawa ne. Kar ka kwafe faci ka liƙa a Gmail na burauza, yana mayar da tab sifes yana karya dogayen layuka, alhali kernel tab take amfani da shi mai faɗin 8. Yi git format-patch don haɗa facin, ka bi shi da scripts/checkpatch.pl don duba kurakurai, sai git send-email don turawa. Kuma idan git send-email ya tambaye ka wane encoding zai sa, Enter kawai za ka danna ya ɗauki UTF-8, da yawa suna buga y saboda sabo sai imel ya tafi da charset=y, shikenan suna ya lalace.

Kafin ka sake turawa karo na uku ka fara tura wa kanka, ka sauke imel ɗin ka gwada ɗora facin da git am a sabon reshe (branch), in ya hau ka duba git log ka ga ƙ ɗinka na nan.